Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Da Tsarin Injinan Lantarki

Wutar lantarki ba hatsi ba ce balle mu cika rumbu da ita. Shi ya sa kullum injiniyoyi ke tsara injin da za a tayar gobe. In sun rage, unguwanni su kwana cikin duhu. In sun zarce, gazuwal ya ƙone a banza.

Yanzu na'ura mai ƙwaƙwalwa na koyon wannan lissafi daga bayanan shekarun baya. A 2019 kamfanin DeepMind ya bayyana cewa na'urarsa na hango wutar da iska za ta samar a Amurka tun da sauran awa 36.

A Yamai, tashar hasken rana ta Gorou Banda na aiki tun 2023. Ranar hazo, inji nawa za a tayar? Na'ura ba ta amsawa sai da bayanai. Mu fara adana namu.