Abincin Rana Na Yaron Da Ya Fara Rarrafe

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ƙasar Kura da Bunkure ba ta rabuwa da shinkafa da kayan lambu, motoci na ɗauka suna bi ta Kumbotso zuwa Kano. Amma cikin wannan yalwa, mukan ga yaro ɗan wata tara ba abin da ke shiga cikinsa sai nono da koko tsararo, wanda ke cika ciki ya bar jiki a rame.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ba yaro abinci yana wata 6, daga wata 9 ya ci sau 3 ko 4 a yini, nono kuwa har shekara 2.

To, ga shawararmu. Da rana a dafa shinkafa da wake su yi luguf, a murƙushe, a ɗiga manja. Wata rana faten dankali da garin zogale, ko dafaffen ƙwai. Abin da zai riƙe da hannunsa kuwa, a yanka dafaffiyar kabewa, ko nunanniyar gwanda, ko ayaba, tsawon yatsa. Abin da bai murtsuke tsakanin yatsun uwa biyu ba, kada ta miƙa masa.

Ƙwayar gyaɗa da aya suna shaƙe yaro. Zuma sai ya cika shekara. A zaunar da shi, a tsaya kansa har ya gama. A wanke hannu da sabulu, a tafasa ruwan shansa, don gudun zawo.

Malamai da akawuna, muna roƙonku ku karanta wa iyalinku da maƙwabta wannan.