Yaron da ke riga ladan tashi: gyaran yana farawa tun la'asar

A Yamai, daga Talladje har Harobanda, akwai gidajen da ba kiran assalatu ke tashinsu ba, kukan ɗan shekara biyu ne da ƙarfe huɗu na dare. Uwa ta wuni da ciwon kai, uba ya tafi aiki ido jajir, yaron kuma ya yini da rigima. Wasu har hannu suke sa masa. Ba rashin ji ba ne. Jikinsa ne ya saba da lokacin, kuma sabo ana iya sauya shi.

Da farko a yi lissafi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a dare da rana, mai shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Wanda ya kwanta da isha, ya tashi da asuba yana wasa, ya ƙara awa biyu da rana, ya cika rabonsa. Wanda ke farkawa cikin duhu yana kuka, ya koma gyangyaɗi da hantsi, shi ne mai buƙatar taimako.

Abin da iyaye da yawa ke yi shi ne hana yaro barci har dare ya raba, wai don ya makara. Sau tari akasin haka ke faruwa: yaron da gajiya ta yi wa yawa barcinsa ba ya nauyi, kuma da wuri yake farkawa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Yamai yana haura digiri 40; in wuta ta ɗauke, kowa yana tsakar gida ana hira har sha ɗaya, yara na cikin taron. A nan agogon jikinsu ke rikicewa. A yi wa yaro wanka bayan magariba, ya ci ya ƙoshi, a shimfiɗa masa inda iska ke shiga cikin gidan sauro, a kwantar da shi lokaci ɗaya kullum. Barcin rana ya ƙare kafin la'asar. Kada a ɗanɗana masa shayin manya, domin yana kore barci, kuma a ɗauke waya daga hannunsa da dare.

Gab da asuba barcin yaro ya fi sauƙin katsewa. Ƙarar buta, buɗe ƙofa, carar zakara, jiƙaƙƙen wando, cizon sauro a damina ko sanyin hunturu a Disamba da Janairu, kowanne ya isa ya tashe shi. Wanda ya tashi alwala ya taka a hankali, kada ya haska masa fitila.

In ya farka, kada a kunna wuta, kada a miƙa masa waya, kada a dama masa kunu nan take, don gobe yunwa za ta tashe shi daidai lokacin. A shafa bayansa, a ce masa a hankali, "Dare ne, kwanta." In gari ya waye a fita da shi ya sha haske, sannan ya karya. In yaron ya saba kai dare, ana matso da lokacin kwanciya da minti 15 duk bayan kwana biyu ko uku, kuma sai an jure mako ɗaya ko biyu kafin a ga sauyi. Maigida ya karɓi wasu ranakun, uwa ma ta runtsa.

Babban gargaɗi: kada a ba yaro maganin tari ko na mura, balle ƙwayar masu talla, don ya yi barci. Suna iya danne numfashinsa. In kuwa tashin ya zo da zazzaɓi, yawan jan kunnensa, minshari mai ƙarfi, sosa dubura da dare ko rama, to ba batun sabo ba ne. A kai shi cibiyar lafiya ta unguwa, a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro in jiki da zafi, tun abin bai yi nisa ba.