Naushi ko Kaye: Wa Ke Riƙe da Kejin MMA?

A dambenmu da kokawarmu na gargajiya, ƙasa ce ƙarshen magana: wanda ya kai ƙasa ya sha kaye, makaɗa su ɗauki kirarin gwani. A wasan MMA kuwa, inda aka haɗa naushi da shuri da kokawa cikin keji ɗaya, faɗuwa ƙasa sau da yawa mafarin wani sabon faɗa ne. Shi ya sa tun ranar 12 ga Nuwamban 1993, da aka buɗe gasar UFC a birnin Denver na Amurka, gardama ɗaya ta ƙi ƙarewa: wa ya fi, mai duka a tsaye ko mai riƙo da kayarwa?

A daren farko amsar ta zo da wuri. Royce Gracie, ɗan Brazil mai jujitsu, wanda nauyinsa kusan kilo 80 ne kawai, ya gama da mutum uku a ƙasa, ciki har da ɗan dambe Art Jimmerson da ya shigo da safar hannu ɗaya tak. Sai dai wannan nasara ta zo ne a kan mutanen da yawancinsu ba su san me ake yi a ƙasa ba. A 1997 Maurice Smith, mai naushi da shuri, ya jure danniyar ɗan kokawa Mark Coleman har Coleman ya gaji, ya karɓe masa kambu. Daga nan kowane ɓangare ya shiga karatun ɗan'uwansa.

Mai duka yana da dokar wasa a bayansa. Kowane turmi na minti biyar a tsaye ake fara shi, ko da an gama na baya yana kwance an danne shi. In aka daɗe a ƙasa babu wani motsi, alƙalin wasa na iya tayar da su. Safar hannun ƙarama ce, ba ta kare fuska kamar ta damben zamani, kuma tun gyaran ƙa'idar ba da maki da ya fara aiki a 2017, illar da aka yi wa abokin karawa ake fara dubawa kafin a duba wanda ya daɗe a sama. Ɗan kokawa ba shi da wannan gata, amma yana da abin da doka ba ta bayarwa: shi ke zaɓar inda za a yi faɗan. In ya ga dama a tsaya, a tsaya. In ya ji zafi, ya kama ƙafa ya kai mutum ƙasa, inda naushin da aka shekara goma ana koyo ba shi da wurin fita.

Makamin mai duka sauri ne. Jorge Masvidal ya sumar da Ben Askren, ɗan kokawar da ya wakilci Amurka a Olamfik ta 2008, cikin daƙiƙa biyar a 2019, da gwiwa ɗaya daidai lokacin da Askren ya sunkuya zai kama. Holly Holm ta yi wa Ronda Rousey, gwanar judo da karya hannu, shuri a kai a Melbourne a 2015. Wanda ya fi yi wa 'yan Najeriya ciwo shi ne na Agustan 2022 a Salt Lake City. Kamaru Usman, haifaffen Auchi, wanda ya ci gasar kokawar jami'o'in Amurka a rukuni na biyu a 2010, yana gaba a maki, ya danne Leon Edwards turmi uku a jere, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi. Edwards ya nuna masa hannun hagu, Usman ya kauce, ƙafar hagu ta same shi a kai. Aikin minti ashirin da huɗu ya tashi a banza.

Makamin ɗan kokawa kuwa lokaci ne, kuma wannan shi ne abin da mai kallo a talabijin ya fi kasa gani. Mutumin da aka matse a jikin ragar keji yana ɗauke da nauyin mutum biyu. Duk yunƙurin tashi yana cin numfashi, hannuwa su cika da gajiya, in ya samu ya miƙe sai ya tarar naushinsa ya yi sanyi. Khabib Nurmagomedov na Dagestan ya gina tarihinsa a kan wannan: wasa 29, nasara 29, ya sa Conor McGregor ya yi saranda a turmi na huɗu a 2018, ya ajiye wasa a 2020 babu wanda ya taɓa cin sa. Merab Dvalishvili ɗan Jojiya ya kai wa Petr Yan harin kayarwa sau 49 a wasa ɗaya a 2023; sau 11 kaɗai ya dace, amma sauran ma ba su tafi a banza ba, don Yan ya ƙare daren yana kare ƙafafunsa maimakon ya yi duka. A Agustan 2025 Khamzat Chimaev ya riƙe Dricus du Plessis fiye da minti 21 cikin 25 ya karɓi kambu. 'Yan kallo kan yi ihun ƙosawa a irin wannan wasa, kuma ina ganin suna tauye wa mai aikin haƙƙinsa, domin riƙe ƙaƙƙarfan mutum da ba ya son a riƙe shi na daga mafi wuyar abin da ake yi a keji.

Kowane yana da raminsa. Mai duka zalla yakan tarar da iyakarsa ranar da ya haɗu da wanda ya fi shi nauyi: Israel Adesanya, haifaffen Legas, ya sha kayensa na farko a MMA a 2021 bayan Jan Błachowicz ya kwantar da shi a turmi biyu na ƙarshe. Ɗan kokawa zalla kuma dole ya ratsa ta gaban hannu da gwiwa kafin ya kama, kuma duk harin da ya ci tura yana cin ƙarfinsa shi ma.

Zuwa nan ma'auni ya yi daidai. Abin da ya karkata ni shi ne yadda kokawa ke ɓuya cikin nasarorin da ake rubuta wa naushi. Da Usman ya sumar da Masvidal da hannun dama a 2021, bai fi Masvidal iya dambe ba. Sai dai ya riga ya matse shi turmi biyar a karonsu na 2020, kuma mai tsoron a kama masa ƙafa ba ya tsare haɓarsa yadda ya kamata. Haka Khabib ya zube McGregor da naushi a turmi na biyu. Francis Ngannou ɗan ƙasar Kamaru, wanda duniya ta sani da nauyin hannu, da kokawa ya kare kambunsa a gaban Ciryl Gane a Janairun 2022, yana fama da rauni a gwiwa, bayan Gane ya fi shi a tsaye a turmi biyu na farko. Ana iya zama zakara da matsakaicin naushi in kokawa ta yi ƙarfi, amma mai duka ba ya daɗewa a sama sai ya iya hana a kayar da shi, kuma hana kaye ma kokawa ce.

Alex Pereira, wanda masu goyon bayan duka suka fi kafa hujja da shi, a hannun Glover Teixeira, gwanin jujitsu, yake atisaye. A Maris 2025 Magomed Ankalaev ya yi yunƙurin kayar da shi sau 12 bai samu ko ɗaya ba, duk da ya ci shi da maki. Da suka sake haɗuwa a Oktoba, hannun daman Pereira ya girgiza Ankalaev, shi kuma ya nutsa zai kama ƙafa, Pereira ya tare harin ya hau kansa, aka tsayar da wasan a daƙiƙa ta 80.