Hawan jini: wai ƙwayar "kama jiki" take yi?

Maganar da ke yawo a majalisu ita ce wai in ka fara shan ƙwayar hawan jini ka shiga ke nan har kabari, don haka gara kada a fara. Gaskiya ne yawancin masu ciwon za su yi ta shan magani iya rayuwarsu. Amma ba ƙwayar ce ta kama su ba, ciwon ne ba ya tafiya.

Duk mai noman rani ya san abin da ke biyo baya idan aka ƙure injin ban ruwa a kan tsohon tiyo. Ruwa na gudu, albasa na sha, sai ranar da tiyon ya fashe ta inda ya fi rauni. Haka jijiyoyin jini suke. Awo ya kai 140/90 ko ya zarce, mutum na cin tuwonsa yana zuwa kasuwa, ko ciwon kai babu. Ran da jijiya ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa, baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye, sai a ce iska ce. A yi ta turare da tofi kafin a nemo mota daga Danchadi zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna babba ɗaya cikin uku na da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su ma sani ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke auna gamsuwa a asibitin karkara, a ƙasar Bodinga ne ko Shagari. Dattijo in an yi masa allura ko ƙarin ruwa, malamin asibiti ya iya aiki. In awo aka yi masa aka zaunar da shi ana bayani, "ba su yi mini komai ba". Alhali bayanin nan ne zai sa ya dawo in ƙwaya ta ƙare: cewa ƙwayar hawan jini ta amlodipine kan kumbura ƙafa, a zo a faɗa, kada a watsar; cewa gishirin yini kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokali ba, kuma har da na dunƙulen da ake marmasawa a miya.

To, ma'aikaci ɗaya mai fama da layin masu zazzaɓi da awon ciki, yaushe zai samu sukunin wannan zama? Mahukunta dai sun fi son fenti da yanka zare a kan ɗaukar ma'aikata.