Sanin Inda Aka Dosa

A yammacin Jihar Katsina akwai ƙasashe biyu maƙwabtan juna, Batsari da Safana. Daga yamma da su kuwa Dajin Rugu ne ya miƙa har iyakar Zamfara. A cikin daji irin wannan hanyoyi ba su ƙidayuwa: ga burtalin shanu, ga turbar masu itace, ga wadda namun daji suka fitar zuwa mashaya. Makiyayin da ya fito da garkensa yana nufin wani tafki ba ya ruɗewa, domin kowace mararraba ya tarar, sai ya ɗauki hanyar da ta nufi ruwa, ya bar sauran. Amma wanda ya shiga ba da nufin ko'ina ba, duk hanyoyin nan ɗaya ne a wurinsa. Yana iya wuni yana tafiya, ƙafa ta kumbura, da almuru ya ga ya komo gindin kukar da ya bari da hantsi.

Yara, zaman duniya ma tafiya ce irin wannan. Bari mu duba yadda kakanninmu fatake suka yi tasu.

A zamanin da, babu mota babu jirgi, fatake sukan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato su tafi Gwanja sayen goro. Babbar kasuwar goron tana Salaga, a cikin ƙasar da ake kira Gana yanzu. Sukan ɗora wa jakuna tufafi da kanwa da fatu, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu. Tafiya ce ta watanni, wani ayarin ma sai ya kusa shekara kafin ya komo gida. Kowane ayari yana da madugu, watau shugaba. Akwai jagaba mai shiga gaba yana duba hanya da wurin sauka. Tun ba a ɗaura kaya ba madugu ya san zangon da za a kwana, da kogin da za a biya fito, da dajin da ba a ratsa shi sai an taru an yi shiri saboda 'yan fashi.

To, a kan hanya akwai kasuwanni masu daɗi, akwai garuruwa masu kiɗa da wasa. Farken da bai riƙe Gwanja a zuciyarsa ba, nan zai kwance kaya ya sayar da araha, ya ci kuɗin, ayari ya wuce ya bar shi. Wajen komowa kuwa abin ya fi wuya, gama goro ba ya jiran kowa. Sai an naɗe shi cikin ganye, ana buɗewa ana yayyafa masa ruwa, ana tsince wanda ya ɓaci don kada ya ɓata sauran. Wanda ya yi sakaci kwana kaɗan, wahalar watanni ta tashi a banza. Kun ga ashe amfanin sanin inda aka dosa, ba nuna hanya kaɗai ba ne. Shi ne yake gaya wa mutum abin da zai ƙi, ko da abin yana da daɗi. Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ku lura da shi ƙwarai. Hanya dabam, wurin da aka nufa dabam. A shekarar 1892 yaƙin basasa ya ci Salaga, kasuwarta ta watse. Neman goro bai mutu ba saboda wannan, sai fatake suka nemi waɗansu kasuwanni. A cikin waɗanda suka taso a wannan zamani akwai Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, ya tashi ba da dukiya ba, amma ya sa fatauci a gabansa bai waiwaya ba. Ya je har Ankara a bakin teku, yana kuwa cikin waɗanda suka fara aika goro zuwa Ikko ta jirgin ruwa maimakon bayan jaki. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ya shiga sayenta. Kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arzikin Afirka ta Yamma. Hanya ya yi ta sakewa, daga jaki zuwa jirgin ruwa, daga goro zuwa gyaɗa. Sana'ar da ya zaɓa tun yana saurayi kuwa tana nan yadda take.

Wannan magana ta shafi yaran Batsari da Safana fiye da na wurare da yawa. A shekarun baya-bayan nan 'yan fashin daji sun tayar da ƙauyuka a gefen Dajin Rugu, mutane da dama suka bar gonakinsu suka koma cikin gari, waɗansu makarantu kuma aka rufe su na wani lokaci. Wannan ba laifin yaro ba ne, wahala ce mai tsanani wadda ko manya ta gigita su. Amma a cikin yara biyu da aka raba da makarantarsu, wanda ya riga ya ƙudura a ransa zai zama malamin asibiti shi ne zai dami iyayensa har a sa shi wata makaranta a garin da suka sauka. Wanda dama zuwa kawai yake yi don an ce ya je, yana iya zama a tasha, kowa ya yafuto shi ya bi. Daga nan ne miyagu sukan sami 'yan aike.

Kada wani ya ce shi yaro ne, bai isa ya san abin da zai zama ba. Ba a ce lalle ka yanke shawarar dukan rayuwarka yau ba. Ko madugu, da zango zango yake lissafin tafiyarsa. Ɗan aji uku yana iya sa wa kansa cewa kafin damina ta faɗi zai iya karanta wasiƙa ba tare da an taimake shi ba. 'Yar aji biyar ta ce ita sai ta haddace jadawalin sau har goma sha biyu kafin hutu. Wanda kuma noma ne a ransa, ya roƙi mahaifinsa kunya biyu a gefen gona, ya dasa rogo, irin wanda aka san Batsari da shi. Rogo ba ya nuna da wuri kamar gero, wanda ake girbewa cikin wata uku. Sai an yi masa shinge saboda awaki, an yi ta nome shi, an haƙura watanni da yawa ba a tone ba. Ranar da ya dasa, ya rubuta kwanan wata a bayan littafinsa, ya riƙa dubawa.