Me ya sa sabon CDI ɗin da ka saya bai tayar da babur ɗinka ba?

Tun watan Janairun 2013 da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a birnin Kano, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, A Daidaita Sahu ce ta karɓe ɗaukar fasinja. Amma babur bai bar gari ba. In kana zaune a Goron Dutse ka san haka. Akwai lungunan da mota ba ta shiga, kuma malamin makaranta da tela da mai kai kaya kasuwa duk a kan roba-roba ko Boxer suke fita nema. Ranar da mashin ya ƙi tashi, cinikin ranar ya tafi.

Abin da aka saba yi shi ne canje-canje. A sa sabon fulogi, bai tashi ba. A ce kwayil ne, a aika yaro Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. Daga nan a ce CDI ne. Kafin la'asar ka sayi kaya uku, kuma wataƙila babu ko ɗaya a cikin tsofaffin da ya mutu. Sau da yawa ba jabu aka ba ka ba, kayan wani mashin aka sa wa naka. Kafin ka gane yadda hakan ke faruwa, sai ka san daga ina wutar babur take fitowa.

A gefen injin akwai wani ƙarfe mai kama da kwano da ke juyawa tare da injin, an liƙa maganaɗisu a cikinsa. A tsakiyarsa akwai naɗe-naɗen wayar tagulla da ba sa motsi. Duk lokacin da maganaɗisu ya gifta wayar, sai wuta ta taso a cikinta. Michael Faraday ne ya gano wannan a Ingila a 1831, kuma da shi janaretan gidanku yake aiki. Wutar da ake samu ta haka mai kai-komo ce, wadda ake rubuta wa AC. Batir kuwa mai tafiya hanya ɗaya yake ci, wato DC. Riƙe wannan bambanci, don kusan duk rikicin yana nan.

Aikin CDI shi ne ya tara wuta a wani ɗan rumbu da ke cikinsa har ta kai ɗaruruwan bolt, ya jira ishara daga wani ƙaramin kwayil da ke gaya masa fistan ya kusa kaiwa sama, sannan ya sake ta gaba ɗaya a lokaci guda. Kwayil ɗin fulogi ya karɓa ya ninka ta zuwa dubbai, har ta iya tsallake ɗan gibin da ke bakin fulogi, wanda a ƙananan babura bai wuce milimita 0.6 zuwa 0.7 ba. Tartsatsin nan ne ke kunna fetur.

To, CDI iri biyu ne. Na AC yana karɓar wutarsa kai tsaye daga wani kwayil na musamman a cikin injin, babu ruwansa da batir. Shi ya sa za ka ga tsohuwar roba-roba ko batir babu, amma kik ɗaya ta tashi. Na DC kuwa 12V yake ja daga batir, sannan shi da kansa ya ɗaga ta a ciki. Matsalar ita ce akwai masu baki shida a kowane ɓangare, akwatin baƙi iri ɗaya, soket iri ɗaya, ya shiga ya zauna daram. Mai shago ya dubi tsohon ya miƙo maka mai kama da shi, kuma shi ma ba lallai ya sani ba. In ka sa na AC a mashin mai tsarin DC, 12V ba za ta cika rumbun ba, ba za ka ga tartsatsi ba, sai ka ce jabu ne. In ka sa na DC a mashin mai tsarin AC, wuta mai ƙarfi za ta shiga ƙofar da aka yi wa 12V, tana iya ƙone shi tun a bugun farko. Wannan kam kuɗinka sun tafi, don ba kasafai mai shago ke karɓar kayan wuta da aka riga aka jona ba.

Gane wanne ne naka bai kai minti biyu ba in akwai mitar awon wuta, irin ta masu gyaran waya. Cire soket ɗin CDI, murɗa makulli, kada ka buga kik. Ka sa baƙar wayar mita a jikin injin, ka riƙa taɓa bakunan soket ɗin da jar. In ka ga 12V a ɗaya daga cikinsu, naka na DC ne. In babu ko'ina, alhali batir na da caji kuma fiyus lafiya lau, na AC ne. Yawancin baburan Sin sun bi launin wayoyin Honda: baƙa mai jan zane ce ke kawo wutar kwayil, baƙa mai ruwan ɗorawa ke zuwa kwayil ɗin fulogi, koriya ita ce ta jikin mashin, baƙa mai farin zane kuma ita ce ta kashewa. Bajaj nata launin daban ne. Kuma in mashin ya taɓa shiga hannun mai rewaya, kada ka yarda da launi, ka yarda da mita.

Wayar kashewar nan ta cancanci a tsaya a kanta. A tsarin AC, makulli ba yanke wuta yake yi ba, haɗa wannan waya yake yi da jikin mashin don wutar ta zube. In ruwan damina ya shiga makulli, ko wayar ta goge tana taɓa ƙarfe, mashin zai zauna a kashe ko da makulli na kunne. Zare ta daga soket ka buga kik. In ya tashi, CDI ɗinka bai yi laifin komai ba.

Wani abin da ke ruɗar mutane: ka ciro fulogi, ka jingina shi a jikin injin, ka ga yana tartsatsi, ka mayar, mashin ya ƙi. Dalili shi ne iska ba ta son wuta ta ratsa ta. A fili ana bukatar kamar bolt 3,000 don tsallake milimita ɗaya. A cikin injin kuwa fistan ya matse iskar ninki takwas ko tara, kuma iya matsewa iya ƙarin ƙarfin da ake bukata. Friedrich Paschen, wani Bajamushe, ya auna wannan tun 1889. Don haka kwayil mai rauni zai iya ba ka ɗan tartsatsi ja-ja a waje ya kasa a ciki. Shuɗi mai ƙara kake nema. Af, in za ka yi wannan gwaji ka nesanta fulogin daga raminsa, domin tururin fetur na fitowa ta nan. Kuma kada ka yi ta buga kik fulogi na reto bai taɓa ƙarfe ba. Wutar da ta rasa mafita ciki take komawa, ta huda rufin wayar kwayil.

In kuma mashin yana tashi da safe, ka yi tafiyar minti goma sha biyar ya mutu, ya huce ya sake tashi, ka zargi kwayil. Zafi na buɗa tagulla, wayar da ta tsage sai ta rabu, in ta huce ta koma ta haɗe. A auna shi yana da zafi. In an bari ya huce, mita za ta ce lafiyarsa ƙalau.

Su CDI masu launi da ake cewa na gudu ne, ni ban ga amfaninsu ga mai zuwa aiki ba. Ba sa ƙara girman injin, lokacin tartsatsi suke matsarwa gaba. In ya yi wuri da yawa, kik ya riƙa dukan ƙafarka, injin ya riƙa ƙwanƙwasa yana zafi.

Ɓangaren caji ya fi sauƙin awo. Ƙaramin ƙarfen nan mai tsaga-tsaga, rektifaya, aiki biyu yake yi: ya mayar da AC zuwa DC, kuma ya zubar da rarar wuta a jikin mashin don kada ta wuce kima. Batir mai cikakken caji, injin a kashe, yana nuna kusan 12.6V. Tayar da mashin ka ɗan ja totur: ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai ɗaga daga 12 ba, caji ba ya zuwa, kuma sabon batir ma kwana kaɗan zai yi. In ya haura 15, ana dafa batir ɗin ne, ruwansa zai ƙafe, ƙwan fitila zai riƙa ƙonewa ɗaya bayan ɗaya.

Nan ma tarkon soket yana nan. Masu baki huɗu akwai na mashin da fitilarsa ke cin AC kai tsaye daga injin, irin wadda haskenta ke ƙaruwa in ka ja totur, akwai kuma na mashin da komai daga batir yake. Kamanninsu ɗaya, haɗin cikinsu daban. Rarar wutar da yake zubarwa kuma zafi take zama, shi ya sa aka yi masa tsagar. A watan Afrilu, da zafin Kano ke haura digiri 40, wanda ya naɗe shi da leda ko ya cusa shi ƙarƙashin kujera inda iska ba ta kai wa, ya rage masa kwana. Haka in wayar da ke haɗa shi da jikin mashin ta yi tsatsa: ba shi da inda zai zubar, sai wutar ta hau kan fitilu. Kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ɗaure da kyau, ka sake awo kafin ka sayi wani.

Farar fitilar LED da ake yayi yawancinta DC take so. A kan wayar AC za ta riƙa ƙyaftawa, wata ma ba ta daɗewa. Cajar waya kuma in an jona ta kai tsaye a batir, tana lasar wuta ko mashin na ajiye. A ɗauko mata wuta daga bayan makulli, a sa mata nata fiyus.

In dai ta tabbata sai an sayi kaya, tafi da tsohon a hannu, da sunan mashin da lambar injin, ka faɗa wa mai shago AC ne ko DC tun kafin ya miƙo. Ka sa abu ɗaya, ka gwada, sannan ka taɓa na biyu. Tsohon kuma kada ka bar shi a wurin bakanike sai sabon ya yi mako yana aiki.