Kunun Sallah da Zafin Lahodu: Abin da Ke Faruwa a Cikin Randa

Ana gobe Sallah, da wuya ka shiga gida a Lahodu ko ƙauyukan da ke tsakanin Wurno, Rabah da Goronyo ba ka tarar an jiƙa gero ko an ɗora tukunyar zoɓo ba. Ga aya an wanke, ga citta da kanumfari da masoro suna jiran turmi. Aikin da matan nan suke yi ilimi ne sosai, ko da ba a allo suka koye shi ba, kuma saninsa na iya kare lafiyar iyali.

Mu ɗauki kunun zaƙi. Mai haɗawa takan markaɗa gero da busasshen dankali, ta raba ƙullun gida biyu, ta dama rabi da tafasasshen ruwa, ta jira ya ɗan huce kafin ta zuba ɗanyen. Wannan jira shi ne sirrin. A cikin dankali akwai wani sinadari, amilas, da ke farfasa sitacin gero ya mai da shi sukari. Yana aiki sosai a ɗumin da ya kai wajen digiri 60, amma tafasasshen ruwa kashe shi yake yi. Wadda ta yi gaggawa sai kununta ya fito da kauri, ba zaƙi, ta koma neman sukarin kanti. Wadda ta yi haƙuri kuwa, da safe za ta tarar ya tsinke, ya yi zaƙi da kansa.

A wannan daren ne kuma wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke shiga aiki. Rukuni na farko bakteriya ce mai mai da sukari tsami, irin wadda ke sa madara ta zama nono. Louis Pasteur na Faransa ya yi bayaninta tun 1857. Tsaminta mai amfani ne, yana ƙara ɗanɗano, yana kuma takura wa ƙwayoyin cuta. Rukuni na biyu shi ne yis, wanda ke cin sukari ya fitar da iska da barasa. Robar kunun da ta kumbura, ko ta yi "fuss" da an buɗe murfi, aikin yis ne. Kuma zafin ƙasar Sakkwato, inda rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu, yana gaggauta masa aiki ƙwarai.

A Turai masu yin giyar Kirsimeti, kamar a Baljiyam, wannan yis ɗin suke kiwo da gangan. Sukan zuba kirfa da citta da kanumfari, wasu su ajiye ta watanni a gangar itacen ok domin ta ɗauki ƙamshin katakon. Mu a nan abin da suke nema shi muke gudu, amma mun yi tarayya da su a fahimta ɗaya: mazubi yana canza abin da ke cikinsa. Tsohuwar da ke turara randa ko ta jefa saiwar jema a ciki domin ruwa ya yi ƙamshi ta san haka. Randar ƙasa tana tsattsafo, iska ta busar da gumin, abin da ke ciki ya yi sanyi, lalacewa ta yi jinkiri.

Malamanmu ma ba su bar wannan batu ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi aka kuma binne shi a 1837, an kawo hanin tsima dabino ko zabibi a cikin duma da mazubin da aka shafe da ƙaro. Masu sharhi sun ce dalili shi ne irin waɗannan mazubai suna saurin juya tsimi ya zama mai sa maye. A Sahihu Muslim kuma an ruwaito cewa tsimin da ake yi wa Manzon Allah (SAW) ba ya wuce yammacin rana ta uku. Lokaci da mazubi, su ɗin dai da kimiyya ke nunawa a yau.

Kayan yaji suna taimakawa. Man da ke cikin kanumfari, wato yujinol, yana rage yaɗuwar ƙwayoyin, haka ma cittar da ake kawo mana daga Kaciya da Kwoi. Sai dai jinkiri kawai suke kawowa, ba sa hana lalacewa. Kunun aya ya fi kowanne rauni, domin ba a tafasa shi, ga maiƙo ga dabino. Idan ba sanyi, wanda aka yi da hantsi kan fara juyawa kafin magariba.

Abin da ya fi damuna shi ne robobin da ake tsintowa a kasuwa da tasha, a ɗauraye sama-sama a ɗura wa yara kunu, da ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba. Mutanen bakin gulbin Rima sun san abin da amai da gudawa ke yi a damina.

Don haka iyayenmu mata, ku tafasa ruwan haɗi, ku wanke mazubi da sabulu ku shanya a rana, ku yi daidai abin da za a shanye a yini. Duk robar da ta kumbura ko kunun da ya fara kumfa da warin tsami mai hawa kai, a zubar, kada a ba yaro ko almajiri da sunan sadaka.